Littafin Aikin Ƙungiyarmu ta Wasan Yaƙi na Kan Tebur, Katsina

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau bayan la'asar muka yi zama na farko a zauren gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa, mu biyar, kuma ni aka ɗora wa rubuta abin da aka yi da abin da ya rage, don kada maganar ta tsaya a fatar baki. Niyyarmu ita ce mu kafa ƙaramar ƙungiya ta masu wasan yaƙi na kan tebur, wato wasan da ake jera runduna biyu a kan filin da aka ƙera masa tuddai da ganuwa da rafi, a riƙa auna tafiyar kowace tawaga da tef, a kuma warware karo bisa ƙa'idoji rubutattu. Na fara ganinsa ne a shekarar da na yi bautar ƙasa, a ɗakin wani abokin aiki da yayansa ya aiko masa da akwati ɗaya daga Ingila, kuma tun ranar bai fita daga raina ba.

Na nuna wa sauran hotunan wasannin kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa take Nottingham. Su ne suka fitar da Warhammer na duniyar almara a 1983, sannan Warhammer 40,000 na ƙagaggen labarin kimiyya a 1987. Sojojinsu na roba ne, tsawon mutum ɗaya bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba, ana sayen su a warwatse, mai su ya haɗa da gam, ya yi musu fenti da hannunsa. Da muka lissafa kuɗin runduna ɗaya a fam, muka juya shi zuwa naira, muka ɗora kuɗin aikowa, sai zauren ya yi tsit. Mun yanke shawara a nan take cewa ba za mu jira ranar da za mu iya sayen kayan waje ba. Za mu fara da abin da kasuwar Katsina take da shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

An samu tebur. Shekaru da yawa ma'aunin da masu wannan wasa suka saba da shi a Turai shi ne ƙafa shida a ƙafa huɗu, kafin Warhammer 40,000 ya koma inci 44 a inci 60 tun daga bugun 2020. Zaurenmu ba zai ɗauki ko ɗaya ba idan har za a bar wa masu shiga gida hanya. Kafintan unguwarmu ya ba da shawarar a sayi faifan katako ɗaya mai ƙafa takwas a ƙafa huɗu a raba shi biyu, mu sami fili biyu masu ƙafa huɗu a huɗu, ya buga wa kowanne kwarangwal a ƙasa don kada ya lanƙwashe. Haka aka yi. Ana ɗora su a kan benci biyu, idan an tashi a jingine su da bango.

Ƙaramin fili ba naƙasu ba ne a wannan fage. Akwai tsarin ƙa'idojin wasan yaƙin zamanin da, da ake kira DBA, wanda ya fito a Ingila a 1990, inda kowace runduna take da tawaga goma sha biyu kawai, kuma da ƙananan sojoji ana buga shi a kan filin ƙafa biyu a biyu. A 1991 masu shi suka fitar da ɗan'uwansa na almara mai suna Hordes of the Things, wanda ya yarda mutum ya kawo duk irin sojan da yake da shi, matuƙar ya faɗi ajinsa. Wannan tunani na tawaga sha biyu shi muka ara.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Wannan makon ya fi kowanne nauyi, kuma ina ganin abin da ya faru a cikinsa shi zai tsara duk abin da zai biyo baya.

Ran Talata da yamma Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da ni da ƙanena muna gwada karo, ga ɗan ludo mai fuska shida a hannuna, ga wasu mahaya uku da ƙanen ya mulmula da yumɓu har da idanu da baki. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan abin da kake jefawa, a zaurena?" Na ce, "Baba, ba caca ba ce, ba a sa ko kwabo." Ya ce shi bai ce caca ba ce, amma in je in tambayi masu sani kafin a sake jefa shi a gidansa, in kuma tambaya har da gumakan. Bai ɗaga murya ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin da ni ne ya kamata in fara yin tambayar tun kafin in tara mutane.

Washegari bayan asuba na sami Malam na zayyana masa komai, har na zana masa filin a ƙasa. Ya karanto mini hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da wanda ke cikin Sahihu Muslim a kan wasan nardu, wanda ake yi da jefa 'ya'ya masu ɗigo, ya ce malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan jifan kansa ko da babu kuɗi a ciki. Game da siffofi masu jiki kuma ya ce maganar a bayyane take a littattafai, ko da yake an yi sassauci a kan kayan wasan yara. Sai ya tambaye ni, "To kai, wasan naka ba ya yiwuwa sai da su?" Na ce, "Allah gafarta Malam, zan duba."

Da na duba sai na ga amsar tana cikin asalin wasan. Wanda ya fara tsara shi sosai, wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ƙarami, ya gabatar da ƙa'idojinsa a 1824 da sunan Kriegsspiel, kuma babu mutum-mutumi ko ɗaya a cikinsa. Ƙananan tubala ne ja da shuɗi a kan taswira, da alƙali a tsakani. Gaskiya ne shi ya yi amfani da jifa, amma a 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo salon da ya ajiye jifan da yawancin jadawalin lissafi, ya bar wa gogaggen alƙali hukunci. Ke nan abubuwa biyun da suka dami Baba duk an taɓa yin wasan ba tare da su ba, tun kafin a haifi kakanninmu. Na koma na faɗa wa Baba abin da muka yanke: babu jifa, babu siffa mai fuska. Ya ce Allah ya yi albarka, amma a tashi da an kira sallah.

Ɗaya daga cikinmu bai ji daɗi ba, domin fentin sojojin ne ya ja shi zuwa wasan tun farko. Na fahimce shi, kuma na roƙe shi ya ba mu wata guda.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ga abin da ya maye gurbin jifa. Kowane ɗan wasa yana da marafan kwalbar lemo shida, an rubuta ɗaya zuwa shida a cikinsu. Idan tawaga biyu suka yi karo, kowa zai zaɓi marfi ɗaya a ɓoye ya kife shi a gaban alƙali, alƙali ya buɗe su lokaci ɗaya, a haɗa lambar da ƙarfin tawagar da abin da wuri ya ƙara mata, kamar tsayuwa a kan tudu ko a bayan ganuwa. Wanda ya fi ya tura abokin karonsa baya, wanda ya ninka shi ya fitar da shi daga fili. Marfin da aka yi amfani da shi ba ya dawowa hannu sai an ƙarar da sauran. Jimillar lambobin ashirin da ɗaya ce ga kowa, don haka babu mai cewa sa'a ce ta kayar da shi. Abin da ya rage shi ne sanin inda za ka kashe shidanka da inda za ka jure ka sadaukar da ɗayanka.

A gwaji na uku ƙanena, wanda ya gaji iya dara a wurin Kawu, ya gano ɓarakar tsarin. Yana haddace marafan da abokin wasansa ya kashe, idan saura ɗaya ya riga ya san abin da zai fito, sai ya kai hari da tabbaci. Mun gyara ƙa'idar: da zarar saura biyu a hannu, sai a mayar wa mutum da duka shidan. Haddar tana nan da amfaninta, amma ba ta kai ga tabbaci.

Tawagogin kuma tubalan katako ne da kafinta ya yanka mana daga ragowar aikinsa, faɗin inci biyu, kowanne da 'yar tuta a kan tsinken tsintsiyar kwakwa. Mai son fentin nan shi ya karɓi aikin tutocin. Ya je wurin dukawa ya samo guntayen jar fata da koriya, ya zana musu dagi da mashi da kwari da baka da bakin alƙalami, har wanda bai san wasan ba zai gane barade daga dakaru tun daga bakin ƙofa. Bai sake maganar tafiya ba.

Hunturu ya yi mana ɓarna. Tuddan da muka gina da yumɓu sun tsattsage cikin kwana biyu, ƙura kuma ta manne a kan fentin da bai bushe ba. Yanzu muna yanka tudu daga farin soson da ake cusawa a kwalin talabijin, a shafa masa gam na katako, a barbaɗa yashin da aka tankaɗe, sannan a rufe shi da tsohon zane har ya bushe. Fentin feshi yana narkar da soson idan ba a fara lulluɓe shi da gam ba. Mun yi asarar tudu biyu kafin mu gane haka.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Mun zama tara. An yi muhawara mai tsawo a kan sunayen runduna. Wasu sun so a sa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau, tunda tarihi ya tabbatar an gwabza a tsakaninsu, kuma kowa zai ji abin a jikinsa. Ni na ƙi, kuma na faɗi dalilina. A cikinmu akwai wanda iyayensa Gobirawa ne, akwai Bafillace, akwai ɗalibi ɗan Kano, kuma wasan da za a riƙa cewa an fatattaki garin wani duk Asabar zai fara da barkwancin taubasantaka, amma ba ni da tabbacin a nan zai tsaya. Amfanin almara ke nan a wannan fage: tana ba ka sarauta da yaƙi da jarumta ba tare da ka taɓa kabarin kakan kowa ba. Tun a 1971, lokacin da Gary Gygax ya ƙara babin dodanni da matsafa a ƙarshen ƙa'idojin Chainmail da shi da Jeff Perren suka rubuta a Amurka, abin da ya haifar da wasan Dungeons & Dragons a 1974, masu wasan suka ga cewa ƙagaggiyar ƙasa ta fi ba da sarari. Mu ma da namu dodannin, ba sai mun aro ba. An amince da dauloli huɗu na ƙage: mutanen Tudu, mutanen Fadama, mutanen Rairayi, da rundunar Dodon Kogi.

Fagen farko da muka rubuta, wato labarin da ake buga wasa a kansa, ya samo asali ne daga labarin da duk ɗan ƙasar nan ya sani, na rijiyar Kusugu a Daura da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya kashe shi. Ba mu sa sunan rijiyar ba saboda girmamawa. Mun dai ajiye rijiya a tsakiyar fili, da maciji na igiyar kaba a naɗe a bakinta, wanda alƙali ke motsawa. Nasara ba ta wanda ya fi kisa ba ce. Ta wanda ya fi kai tulunan ruwa bakin ganuwarsa ce cikin zagaye shida, kuma sau biyu yau wanda ya share fili da baradensa ya sha kashi saboda ya manta da masu tulu.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Wani sabon ɗan ƙungiya, malamin firamare ne da ya dawo cikin gari da iyalinsa saboda halin da ƙauyensu yake ciki, ya zauna ya kalli wasa ɗaya har ƙarshe bai ce uffan ba. Da aka tashi sai ya ce mini, "Yaya, ni na ga abin da kuke kwaikwayo da idona, kuma ba haka yake ba." Na rasa abin faɗa na ɗan lokaci. A jihar da mutane ke barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, ba ƙaramin abu ba ne a ce samari sun taru suna wasa da sunan yaƙi, kuma ba zan yi kamar tambayar ba ta shafe ni ba.

Na gaya masa abin da na sani, cewa marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya buga ƙa'idojin wasan ƙananan sojoji a 1913 a littafin Little Wars, kuma a ƙarshensa ya yi jayayya cewa wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin shirme da asarar da ke cikin babban. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke, don haka ban kawo masa maganar a matsayin hujjar da ta rufe baki ba. Shi ne ya kawo abin da ya fi amfani. Ya ce idan za mu yi, to a sa mutanen gari a kan filin, domin su ne ba a gani a irin waɗannan wasanni. Mun ƙara tubala farare uku a kowane fage, manoma da mata da yara, waɗanda ba sa faɗa, kuma duk rundunar da ta bari aka taɓa ɗaya a yankinta tana asarar maki fiye da na tawagar barade guda. Mun kuma rubuta cewa ba za a taɓa yin fagen da ya kwaikwayi abin da ke faruwa a ƙauyukanmu yanzu ba. Ya ce zai dawo bayan azumi.

An dakatar da zama har bayan sallah.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Mun dawo, kuma malamin ya cika alkawari. Shi ne alƙalin yau, kuma ya fi ni iyawa, domin ya saba da raba gardamar yara.

Hutun ya ba ni damar gyara azuzuwan tawaga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan sallah ya ga bambancin da muke nema: 'yan lifidi da dawakinsu a lulluɓe da kauri, masu nauyin tafiya da wuyar turewa, 'yan sulke, barade marasa nauyi, 'yan baka, da dakaru a ƙasa. Yanzu 'yan lifidi suna tafiyar inci huɗu da ƙarfi huɗu, amma ba sa shiga fadama. Barade suna tafiyar inci shida da ƙarfi uku. Dakaru inci uku, ƙarfi uku, huɗu idan suna bayan ganuwa. 'Yan baka suna harbi daga inci takwas, amma ƙarfinsu biyu ne idan an cim musu. Jagoran runduna mun kira shi Ƙaura, bisa sarautar da a Katsina ta kasance ta shugaban mayaƙa, kuma idan ya fita daga fili rundunarsa tana rasa marfinta na shida har ƙarshen wasa.

An yi saɓani ɗaya a kan awo, wani ya ce tef ɗin tela yana lanƙwasawa a yi masa ƙarin rabin inci. Kafinta zai yanka mana sanduna masu inci uku, huɗu, shida da takwas.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

An buɗe fili na biyu don ɓangaren ƙagaggen labarin kimiyya, wanda ɗalibanmu biyu na jami'a suka daɗe suna nema. Sun so su bi sawun BattleTech, wasan manyan injunan yaƙi masu tafiya da ƙafa da ya fito a Amurka a 1984, kuma abin da ya burge su a cikinsa shi ne lissafin zafi, cewa injin da ya yawaita harbi da gudu yana ɗaukar zafi har ya tsaya. A watan Mayu a Katsina ba a buƙatar yi wa kowa bayanin wannan. Labarinmu wata busasshiyar duniya ce mai nisa, inda ayari biyu na injuna ke takarar rijiyoyin burtsatse. Kowane inji yana da ƙwayar wake biyar a ɗan kofi a matsayin ruwan sanyaya shi, duk harbi mai ƙarfi yana cin ƙwaya ɗaya, kuma ba a cika kofin sai an kwana zagaye ɗaya a bakin rijiya.

Injunan kansu daga tarkacen masu gyaran babur da masu gyaran waya suka fito: tsofaffin fulogi, noti, guntun sarƙa, bututun biro, da allunan cikin matattun caja. Ƙanena ya haɗa guda da fulogi biyu a matsayin ƙafafu da murfin turare a sama, aka shafe shi da fenti ruwan ƙasa, aka goga masa busasshen buroshi mai ɗan fari a gefuna har ya fito kamar ƙarfen da rairayi ya ci shekaru. Tsarin marafan ya yi aiki a nan ba tare da gyara ba, sai dai wasan yana kai awa biyu, kuma tsakanin la'asar da magariba ba mu da awa biyu cikakku. Za a rage injuna daga takwas zuwa biyar a kowane ɓangare.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Ruwan daren Laraba ya yoyo ta kusurwar zauren ya jiƙa ganuwar kwalin da muka yi mako uku muna ginawa, da ƙofarta mai soro. Laifina ne, ni na jingine ta a ƙasa. Filayen katakon sun tsira. Za a sake gina ganuwar da soso, kuma an sayi tsohon akwatin ƙarfe don ajiyar duk abin da ruwa ko gara za su iya taɓawa.

Mun kai goma sha huɗu, kuma an rubuta ƙa'idojin ƙungiya a shafi ɗaya: gudummawar naira ɗari biyar a wata ga mai aiki, ɗalibi ya kawo abin da ya samu, ba a sa kuɗi ko wani abu a kan sakamakon wasa, hukuncin alƙali shi ne ƙarshe har a tashi, kuma ana ajiye marafai da an ji kiran sallah. Ƙanwata da ƙawayenta biyu sun ari tubala da sandunan awo sun buga fagen rijiyar a cikin gida, kuma sun aiko da gyara cewa masu tulu su riƙa rage inci ɗaya idan sun ɗebo ruwa. Mun gwada yau, ya fi dacewa, an shigar da shi.

Abin da ya rage kafin ƙarshen Yuli shi ne a buga ƙa'idojin wasan da Hausa a shafi huɗu, a kammala tutocin rundunar Fadama, a kuma yanke ranar da za mu kai fili ɗaya Daura, inda wasu abokai uku suka ce suna da zaure amma ba su da tubala. Kafinta ya ce zai yanka musu ashirin da huɗu idan an kai masa katako ran Litinin.